Shekarar da Ƙyanda ta Haihu a Makera

Sunanta na baftisma Scholastica, amma ba wanda ke da lokacin murɗa harshe haka a unguwarmu Makera, sai muka gutsure shi muka ce Mama Sikola. Ni Lydia ce, ina suyar ƙosai a ƙofar gidan hayar da ta zauna, gidan Baba Shekari, ɗakuna layi biyu suna kallon juna, da famfo ɗaya da ba ya kawo ruwa sai ya ga dama. Wadda ke zaune a bakin ƙofa da kasko tun asuba, ba abin da zai shiga ko ya fita ba ta gani ba. Don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

Daga wani ƙauye na bayan Zonkwa ta zo, ta biyo mijinta Matthew da ke aikin rini a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Ta yi ciki sau uku, duka suka zube. Daga baya tari ya kama Matthew, ya yi ta cinsa har ya gama da shi. 'Yan uwansa suka zo makoki, suka yi kuka mai kyau, suka koma da keke da rediyo da gadon ƙarfe. Suka ce ta biyo su gida, ta ce ba ta zuwa. Ta zauna a ɗakinta da tabarma da tukwane.

Renon ya fara ne kamar wasa. Wata maƙwabciya mai aikin safe a masaƙa ta bar mata yaro, ta ce yanzu zan dawo. Wata ta gani ta kawo nata. Kafin shekara ta zagayo, duk matar da ke shiga masaƙa ko kamfanonin Kudenda daga layinmu, a ɗakin Mama Sikola take sauke goyonta. Gajeruwa ce mai faɗi, ga dariya har ana ji a bakin titi, ga muryar waƙa mara daɗi da take takura wa yara da ita, su kuwa sai su yi barci, ina jin don su huta da ji ne. Kullum ɗaya a baya, ɗaya a kafaɗa, ɗaya yana jan zani. Ba waliyyiya ba ce. Tana da baki. In uwa ta kawo yaro da dauɗa a wuya, a gaban kowa za ta ce, "Ke Mary, sabulu ya yi miki laifi ne?" Iyayen suna dariya, amma suna ajiyewa a ciki. Abu ɗaya ne ba ta yi, ba ta mayar da yaro. Ta ce ɗa na kowa ne, kuma ita da Allah bai ba ta nata ba, ba ta da bakin da za ta ce wa yaro a'a. Waɗannan yaran su ne abincinta, su ne mutuncinta a unguwa, su ne dalilin da take tashi da safe.

A 1984 aka shiga rage ma'aikata. Oga ba ya neman dalili mai yawa. Ka yi fashi sau biyu, ka zo na uku mai gadi ya tare ka a ƙofa ya ce an sallame ka. Mata suka riƙa zuwa aiki da zazzaɓi, da tsohon ciki, da komai. Allurar rigakafi kuwa a asibitin mishan ranar aiki ake yinta, da hantsi, daidai lokacin da kowace uwa ke tsaye gaban inji. Don haka cikin yara goma sha huɗu na ɗakin Mama Sikola, biyu kawai aka taɓa yi wa allurar ƙyanda.

Akwai wata Christy a ɗakin ƙarshe, tana aikin kaɗi a masaƙa. Mijinta ya tafi Legas neman aiki ya manta hanyar dawowa, ya bar ta da yaro ɗan shekara biyu, George. Cikin bazara ta kai shi ƙauye jana'iza, suka dawo. Bayan wasu kwanaki da safe ta wuce ta gabana da shi a kafaɗa, an shafe shi da hoda fari fat, amma hoda ba ta ɓoye ido. Idonsa jawur, hanci na zuba, yana wani tari busasshe. Mama Sikola ta taɓa wuyansa ta ce, "Christy, jikin yaron nan da zafi."

Christy ta ce, "Haƙori ne, Mama. Na ba shi magani daga kemis. Abeg ki riƙe min shi, in na yi fashi yau shi ke nan."

Ta karɓe shi. Kuma ta yi abin da kowace kaka a garinmu za ta yi wa yaro mai zazzaɓi, ta rufe taga ruf don kada iska ta buge shi, ta sa tsumma ta toshe ƙasan ƙofa. Yara goma sha huɗu a ɗaki ɗaya, ƙarƙashin kwano, cikin zafin bazara, suna shan koko da cokali ɗaya. Haka aka yi kwana uku ko huɗu. Ranar da ƙuraje suka ɓullo wa George a bayan kunne, Christy ta durƙusa a ɗakin ta ce, "Mama, ki rufa min asiri." Ta ɗauke shi tun kafin gari ya waye sosai ta kai wa yayarta a unguwar Television, ta ce wa mutanen gida ya tafi ganin kakarsa. Ni da Mama Sikola kaɗai muka ga bayan kunnen nan. George yaro ne mai ƙiba, ya sha wuya ya warke.

Aka yi kusan mako biyu shiru. Sai yara suka fara faɗuwa, yau biyu, gobe uku, kamar an yi musu alƙawari. Sha ɗaya suka kwanta cikin sauran sha ukun. Biyun nan masu allura suna ta wasansu a tsakar gida. Jaririyar wata maƙwabciyarmu Edith ce ta fara tafiya, dama ƙarama ce ba ta da jiki, ƙurajen suka lafa, numfashi ya sarƙe.

Ran da aka binne ta Sista Irene ta zo. Nas ce a asibitin mishan, doguwa, ba ta da fara'a, amma tana sayen ƙosaina, don haka ina ganin girmanta. Ta zaga ɗakuna ta duba yara, ta fito ta tara matan gidan a bakin kaskona. Ta ɗebi wake daga kwaryata ba ta ko tambaye ni ba, ta ajiye ƙwaya ɗaya a kan faifai.

Ta ce, "Cuta ma haihuwa take yi. Kowace cuta likitoci sun auna mata lamba, wato mutum ɗaya mai ita, in ya faɗa cikin mutanen da ba su taɓa yi ba kuma ba a yi musu allura ba, mutum nawa zai ba kafin ya warke ko ya mutu. Mura mai zafi, ɗaya yakan ba biyu, ko ma bai kai ba. Ƙyanda kuwa ɗaya yakan ba sha biyu, sha biyar, har sha takwas." Ta jera ƙwaya goma sha biyar kewaye da ta farkon. "Waɗannan 'ya'yanta ne. Bayan mako biyu kowane ɗaya zai haifi nasa sha biyar." Ta fara zuba wa kowace ƙwaya nata tsibin, faifai ya cika, wake ya zube ƙasa, kajin Baba Shekari suka zo suka samu rabonsu. Ta ce in lambar ta wuce ɗaya, cuta gaba take yi. In aka danne ta ta koma ƙasa da ɗaya, wato mai ciwo ba ya samun ko mutum guda da zai ba, da kanta take mutuwa. Kuma abin da ke ɗaga lambar shi ne yawan mutanen da mai ciwo ke gamuwa da su, da daɗewar da suke yi a iska ɗaya.

Sai ta faɗi abin da ta zo faɗa. "Yaro yana ba da ƙyanda tun kafin ƙuraje su fito. Yayyensu da ƙannensu da kuke gani lafiya ƙalau a ɗakunanku, da yawa tana jikinsu. Kada a kai kowa ko'ina. Kowa ya zauna a ɗakinsa, a buɗe taga, kada a zo dubiya da goyo. Zan nemo allura ga yaran layin nan."

Matan suka ce to, Sista. Sun ji lissafin, ba wawaye ba ne, mata ne da ke sarrafa inji. Amma lissafi bai gaya wa Edith dalilin da ya sa tata ce ta mutu ba ta wata ba. Wata ta tambaya, to ƙwayar farkon wace ce? Sista ta ce ba ta sani ba, kuma sanin ba zai tashi kowa ba. Ta hau babur ɗinta ta tafi.

Wannan tambaya ita ta hana Christy barci. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Da yamma a bakin famfo na ji ta da kunnena tana cewa, ita dai tun da daɗewa jikinta bai ba ta ɗakin Mama Sikola ba, shi ya sa ta janye George. Ta ce mace ta yi ciki uku ba ko ɗaya da ya ga rana, miji ya bushe a tsaye, yanzu ga 'ya'yan mutane. Ba ta furta kalmar ba, ta bar wa Mary ta furta. Mary kuwa ba ta manta maganar sabulu ba. Kafin in kwashe kaskona, Mama Sikola ta zama mayya daga farkon layi har bakin titin jirgi.

Daga nan aka yi kuskuren da ya fi rufe taga muni. A wurinmu in an ce akwai mayya a gida, abu na farko shi ne a nisanta yara da idonta. Washegari kowace uwa ta tattara sauran 'ya'yanta masu lafiya, har da masu ɗan ɗumin jiki, aka rarraba su. Wannan Television wurin inna, wancan Kudenda wurin kawu, wasu Sabon Tasha, wasu aka sa su a mota cike da mutane zuwa ƙauye. Na tsaya a ƙofa ina cewa ku tuna waken Sista, wata ta ce min in ci waken. Da Sista Irene ta dawo da akwatin allura ta tarar da ɗakuna babu yara, ta zauna a kan bencina ta ajiye akwatin a ƙasa.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Bayan kamar mako uku labari ya fara dawowa. A Kudenda gida guda ya kwanta. A Television an binne tagwaye. A ƙauyen Mary makarantar firamare ta tashi. Duk inda aka kai yaron gidanmu, nan ƙyanda ta sauka ta haihu, kamar yadda aka zuba mana a faifai. Ni da na ga wake na san abin da nake gani. Mutanen gida kuwa suka ce, kun gani ko, Mama Sikola ta bi su. Irin ƙarfin maitarta ke nan, tana kwance a Makera tana ci a Zonkwa.

Ranar wata Lahadi bayan an taso daga coci aka fito da ita tsakar gida. Katikis, mai koyar da addini a cocinmu, ya zo ya ce wannan ba halin masu bi ba ne, ya karanta aya, ya duba fuskokin mutane, ya tuna yana da wani taro. Baba Shekari ya zauna a kujerarsa ya ce shi dai gidansa yake so ya zauna lafiya. Aka shimfiɗa 'yar Mary a tabarma, wadda ciwon ya kama daga baya, ƙuraje sun rufe ta tana tari. Aka ce Mama Sikola ta tuɓe ta tsallake ta sau uku, ta sako kurwar yarinya. Unguwa ta cika gidan maƙil, har kan katanga, mata da goyo a baya suna turereniya don su gani da kyau, suna leƙa fuskar mai ƙyanda. Na duba jariran nan na tuna waken Sista.

Sai a lokacin Mama Sikola ta buɗe baki. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Christy, 'yata, gaya musu abin da muka gani a bayan kunnen George."

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Christy ta faɗi ƙasa tana birgima, ta ce jama'a ku zama shaida, yanzu ta sa baki a kan ɗana. Ta ruga ɗaki ta fito da George, wanda ta dawo da shi kwana biyu kafin nan, ya murmure ya yi kumatu. Ta ɗaga shi sama ta ce a duba, wannan ya yi kama da wanda ya yi ciwo? Na ce ni ma na gani, na rantse. Aka ce dama mai ƙosai ƙawarta ce, wa ya san da wane mai take suya. Wata guda ban sayar da rabin ƙulluna ba.

Suka fizge mata zani. Mace mai shekara hamsin da wani abu, a gaban samarin da ta goya, a gaban Baba Shekari. Ta tsallake sau uku, tana kallon ƙasa, tana taka-tsantsan kada ƙafarta ta taɓa yarinyar. Ban taɓa tsanar mutane kamar yadda na tsani maƙwabtana ran nan ba, kuma har yau ban huce ba. Yarinyar ta warke, aka ce ta sako ta. Da ta mutu da an ce ta riga ta cinye. Jariran da aka zo da su kallo kuwa, bayan mako biyu su ma suka biya kuɗin kallo, uku ba su tashi ba.

Da damina ta sauka ciwon ya lafa. Sista Irene ta ce ba abin mamaki ba ne. Yaran da za ta kama ta kama, sauran an bi gida gida an yi musu allura, mai ciwo in ya yi tari a cikin yara sha biyar, sha huɗu ko duka ƙofarsu a rufe take, lambar ta faɗi ƙasa da ɗaya. Mutanen Makera suka ce tsallaken ne ya yi aiki. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ya faɗa bai zauna a layinmu ba.

Mama Sikola ba ta koma ƙauye ba, don can ma an binne yara da sunanta. Baba Shekari ya mayar da ita ɗakin da ke jikin bayi, wanda ba mai haya da ke so. Ta koma wanke ƙwarya a wani gidan burkutu, inda masu sha ba su damu da hannun da ya wanke ba. A coci benci guda nata ne ita kaɗai. In aka zo gaisuwar salama, lokacin da kowa ke miƙa wa na kusa da shi hannu, na gabanta da na bayanta sai su sami abin gyarawa a ɗankwali. Dariyar nan ta tafi, bakin nan ma ya tafi. Abin da ya fi cin ta shi ne yara. Waɗanda ta tauna wa abinci ta sa musu a baki aka koya musu gudu in sun hango ta, da suka ƙara wayo suka koyi jifan kwanon ɗakinta. George ya fi kowa iya saiti. In za ta ratsa tsakar gida sai ta bi jikin bango, kada zaninta ya shafi ɗan wani. Shekara huɗu ba ta taɓa yaro ba.

Christy ta tsira da aikinta, ta sake aure, ta zama ma'ajiyar zumuntar mata a coci. A 1988 tana da jaririya mai rarrafe, Eunice. Wata safiya layi ya yi yawa a wurina, na juya ina naɗe wa wani ƙosai a takarda. Eunice ta rarrafo daga cikin gida ba wanda ya lura, ta kama itacen da ya leƙo daga murhu ta ja. Kasko ya karkata. Mama Sikola tana fitowa da bokiti za ta tafi aiki. Ta yar da bokitin ta sure yarinyar, man ya sauka a hannunta na hagu daga gwiwa har yatsu.

Ba ta yi ƙara ba. Ta tsaya da jaririya a ƙirji, tana jijjiga ta da hannun dama kamar yadda ta saba, yarinyar ta yi shiru ta kama bakin ɗankwalinta tana tsotsa. Masu sayen ƙosai suka ja baya suka yi da'ira. Christy ta fito da gudu, ta ga mai a ƙasa, ta ga hannun, ta ga 'yarta ko ɗigo bai taɓa ta ba. Ta duba mutane, mutane suna dubanta. Ta matso ta karɓi yarinyar, ta yi magana ƙasa ƙasa yadda ni da ke kusa kaɗai na ji.

"Mama, ki yi haƙuri. Ana kallo."

Sai ta tuɓe wa Eunice riga ta jefa a wutata, ta ɗaga murya ta ce a kawo mata ruwa da gishiri ta wanke 'yarta. Mata biyu suka ruga kawowa.

Na ja Mama Sikola gefe na zaunar da ita a bencina, ina zuba mata ruwan randa a hannu, fatar tana tashi. Ina zagi, ina kuka, ina cewa mu tafi asibiti. Ita ba hannun take kallo ba, tana kallon inda ake wanke yarinyar.

Ta ce, "Lydia, yarinyar nan ta kai wata tara, na ji nauyinta. Ki gaya wa Christy ta kai ta allurar ƙyanda. Amma kada ki ce ni na faɗa, ba za ta kai ta ba."